Kafin ka sa hannu a takardar haƙƙin ma'aikata da kamfani ya aiko maka

Tambayar yau daga wani ɗan kasuwa ce mai ƙaramar masana'antar ɗinka tufafi. Ya ce: "Malam, shekara uku ke nan ina sayar wa wani babban kamfani na Turai kaya. Bana sun aiko min da takardu, suna so in nuna musu manufar kamfanina a kan haƙƙin ɗan Adam, in faɗi sunayen waɗanda nake sayen yadi da zare a wurinsu, in kuma yarda su riƙa turo masu bincike. Wani abokina ya ce in sauke irin takardar daga intanet, in canza suna in sa hannu, ai ba mai karantawa. Ni kuma tsorona, idan na ba su sunayen masu ba ni kaya su tsallake ni su je can kai tsaye. Yaya zan yi kada in rasa cinikin, kada kuma in tona asirin kasuwancina?"

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Shawarar abokinka ka ajiye ta gefe. Gaskiya ne wataƙila ba wanda zai karanta takardar ranar da ka aika, amma za a karanta ta ranar da aka samu matsala, kuma a ranar ce za ta cije ka. Irin wannan takarda yawanci ana liƙa ta ne a jikin kwantiragi. Idan ka rubuta cewa ba ma'aikacin da ke wuce awa 48 a mako sai da yardarsa da ƙarin kuɗi, sannan mai bincike ya zo ya tarar ana kwana a kan keken ɗinki duk lokacin da oda ta matse, to ka ba su hujjar soke oda da hannunka, har su ƙi karɓar kayan da ka riga ka zuba jarinka a ciki. Wanda ya ce "ban kai nan ba tukuna" ana iya yi masa uzuri. Wanda ya rubuta ƙarya ya sa hannu, ba shi da bakin magana.

Kada kuma ka ɗauka zarginka suke yi. Su ma an matsa musu ne. A 2011 Majalisar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da wasu ƙa'idoji da Farfesa John Ruggie ya tsara, waɗanda suka ɗora wa gwamnati kare haƙƙin mutane, suka ɗora wa kamfani mutunta shi, suka kuma ce wanda aka zalunta dole ya samu hanyar bin kadinsa. Da fari kamfanoni da yawa sun yi ko-oho. Sai ga 24 ga Afrilu 2013, ginin Rana Plaza ya rufta a kusa da Dhaka ta Bangladesh, mutum sama da 1,100 suka rasu, akasarinsu masu ɗinki. Tun jajibirin ranar aka ga ginin ya tsage, duk da haka aka ce ma'aikata su koma bakin aiki. Cikin ɓaraguzai aka riƙa tsintar tambarin manyan kamfanonin tufafi, wasu suna cewa ba su ma san a can ake ɗinka musu kaya ba. Daga nan maganar "faɗa mana wa ke yi maka aiki" ta yi ƙarfi.

Dokoki suka biyo baya. Birtaniya ta yi tata a 2015, inda kamfanin da cinikinsa ya kai fam miliyan 36 a shekara zai fitar da bayani duk shekara a kan matakan da ya ɗauka game da bautar zamani. Faransa ta bi a 2017, Jamus a 2021 (ta fara aiki a 2023), Tarayyar Turai kuma ta amince da tata a 2024, ko da yake daga baya an jinkirta ta an kuma sassauta. Amurka kuwa a bakin ruwa take tare kaya: a Yulin 2020 kwastan ɗinta ta hana shigar safar hannu ta roba ta kamfanin Top Glove na Malesiya saboda zargin aikin tilas, ana tsakiyar annobar korona, ba a ɗage ba sai Satumban 2021. Waɗannan dokoki ba kai suka ɗaure ba, mai sayen kayanka suka ɗaure, shi kuma yake miƙo maka igiyar ta cikin kwantiragi.

Saboda haka ka fara da dubawa, rubutu ya zo daga baya. Ka ɗauki kwana biyu ka zaga masana'antarka kamar baƙo. Akwai takardar da ke nuna shekarun kowane ma'aikaci? Yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 138 ta sa shekara 15 a matsayin mafi ƙanƙanta, da sassauci zuwa 14 ga wasu ƙasashe masu tasowa, aiki mai haɗari kuma sai 18. Akwai littafin albashi da kowa ke sa hannu? Ana riƙe wa wani fasfo ko katin shaida? Akwai wanda ya biya dillali kuɗi kafin ya samu aikin, har yanzu ana cire bashin daga albashinsa? Wannan na ƙarshe masu gida da yawa ba su san yana faruwa ba, alhali yana cikin manyan alamun aikin tilas da masu bincike ke farauta. Sai ƙofar tsira daga gobara. Ka je ka tura ta da hannunka lokacin da ake aiki. A Satumban 2012 gobara ta kashe mutum fiye da 250 a masana'antar Ali Enterprises da ke Karachi, 'yan makonni bayan an ba ta takardar shaidar cika ƙa'ida, mutane suka rasa hanyar fita.

Abin da ka tarar shi za ka rubuta. Shafi ɗaya ko biyu ya wadatar, domin ƙa'idojin 2011 ɗin da kansu sun yarda cewa ƙaramin kamfani ba zai yi tsari irin na babba ba, ko da yake nauyin yana kan kowa. Ka sa hannu da kanka, ka manna ta inda ma'aikata za su gani, a karanta wa wanda bai iya karatu ba. Ka sa hanyar kai ƙara da ba ta bi ta hannun shugaban aiki, tun da sau da yawa shi ne ake ƙorafi a kansa. Inda ka gaza, ka rubuta gazawar da watan da za ka gyara. A sanina, masu saye na ƙwarai sun fi natsuwa da takardar da ta amsa laifi biyu da wadda ta fito tas kamar ba mutane ke aiki a wurin ba.

Maganar asirinka kuwa, tsoronka yana kan hanya. Sai dai faɗin gaskiya daban, tona cikinka daban. Suna da adireshin mai ba ka yadi ake buƙata don a san yadda ake riƙe ma'aikatansa. Farashin da kake saye, rangwamen da ake yi maka, da ribarka, ba su da alaƙa da haƙƙin kowa, kada ka bayar. Kafin ka miƙa sunayen, lauya ya rubuta maka sharaɗi biyu: ba za su yi amfani da bayanin ba sai don wannan bincike, kuma ba za su ƙulla ciniki da mutanenka ta bayan fage ba har zuwa wani wa'adi. Ka kuma tambaye su ko za su buga sunan masana'antarka a fili, domin tun 2005 kamfanin Nike ya fitar da jerin masana'antun da ke yi masa kaya, wasu da dama suka bi sahu. Da ni ne kai, zan yarda, talla ce ta kyauta. Abu ɗaya da ba zan so ka ɓoye ba shi ne inda kake kai rarar aiki idan ya yi maka yawa. Nan ne ake yawan kama mutane.

Saura kuɗi. Gyara yana cin kuɗi, bincike ma haka, don haka ka tambaya a rubuce wa zai biya masu binciken. Idan kai ne, ka nemi irin binciken da masu saye da yawa ke karɓa, kamar SMETA na Sedex ko amfori BSCI, don kada ka riƙa biya sau uku a kan abu guda. Ka lissafa kuɗin ƙarin awa da na kayan kashe gobara ka shigar cikin farashin oda ta gaba, ka nuna musu lissafin. Kuma kada kunya ta hana ka faɗa musu nasu: kamfanin da ke canza samfurin riga ana saura kwana goma a ɗora kaya, shi ke sa a kwana ana ɗinki. Idan suna so a daina, su ba ka isasshen lokaci da kwantiragi mai ɗan tsawo. Ka rubuta musu a makon nan cewa ka karɓi takardun, kana neman wata guda ka duba masana'antarka kafin ka amsa.