Waƙoƙin Mughal-e-Azam: da gaske duk kiran gumaka ne?

Tambaya: Malam, tun ina yarinya nake bin waƙoƙin Mughal-e-Azam a kaset ɗin mahaifina, Allah ya jiƙansa. Kwanan nan aka turo mana wani sauti a WhatsApp, wai duk waƙar Indiya kiran gumaka ce, wanda ya rera ta ya faɗa shirka ko da bai sani ba. Tun ranar hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Amin, Allah ya jiƙan Baba. 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki. Hukuncin sauraron kiɗa na malaman fiƙihu ne. Abin da waƙoƙin ke faɗa kuwa fannina ne, kuma mai sautin nan bai san abin da yake faɗa ba.

Fim ɗin na K. Asif ya fito a 1960. Naushad ya haɗa kiɗan, Shakeel Badayuni ya rubuta baitocin, yawancinsu da Urdu tsantsa. Mafi yawansu na soyayya ne da kukan rabuwa. "Pyar Kiya To Darna Kya", wadda Madhubala ta yi rawarta a zauren madubai, Anarkali, mai rawar fada da Madhubala ta fito a matsayinta, ita ce ke faɗa wa Sarki Akbar a gaban fadawansa cewa so ta yi, ba sata ba, don haka ba ta da abin ɓoyewa.

Akwai dai guda ɗaya da ya kamata ki sani. "Mohe Panghat Pe" a kan Krishna take, ɗaya daga cikin ababen bautar mabiya addinin Hindu, a bikin haihuwarsa da aka nuna a fada, domin Jodha matar sarkin mabiyar addinin Hindu ce. In za ki tsallake wata, ita ce.

Abin da ke ɓata mini rai kullum shi ne yadda ake yanke hukunci da kunne kawai. Mutum bai iya gaisuwa da Hindi ba, amma ya ɗauki waya yana fassara, ya ji "Khuda" ya ce sunan gunki ne, alhali da shi Musulmin Indiya da Pakistan ke ambaton Allah. Wasu kuma sun mayar da sunan mawaƙi ma'auni: in Mohammed Rafi ne babu komai don Musulmi ne, in Lata Mangeshkar ce a guje ta don mabiyar addinin Hindu ce. Wannan ya fi haɗari, don yana kai mutum inda yake gudu. A cikin fim ɗin nan Lata ce ta rera "Bekas Pe Karam Kijiye", Anarkali na ɗaure da sarƙa a kurkuku tana kiran Shugaban Madina, wato begen Annabi (SAW) ne. A Baiju Bawra na 1952 kuwa, Rafi ne ya rera "Man Tarpat Hari Darshan Ko Aaj", waƙar bautar Hindu ce ƙarara, kuma Shakeel da Naushad ɗin nan ne suka yi ta. Musulmi uku! Aikin fim suke, abin da labari ya nema shi suke rubutawa.

Masu tura irin wannan sauti su ji tsoron Allah. Jefa Musulmi da shirka ba ƙaramin abu ba ne, ga shi sun hana baiwar Allah barci a kan abin da ba su bincika ba.

Ke kuma, ki nemi kwafin mai kala da aka sake fitarwa a 2004, wanda ke da fassara a ƙasa, ki bi waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya, ki duba wa ke rerawa a labarin, kuma wa ake rera wa.