Tambaya da Amsa: Shin Attajiran Dā Ba Sa Ba Bare 'Ya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. A Makka aka haife ni, a Shara Mansur, haka ma mijina, amma kakanninmu fatake ne mutanen Kano. 'Yata ta isa aure, kuma surukata ta kafe a kan sai an ba ɗan ƙanin mijina da ke Kano. Ta ce haka gidajen attajirai suke yi tun dā, ba sa ba bare 'ya, kuma ba sa biki sai da lefe da gara da jere na gani na faɗa. Ina roƙon a bayyana mini yadda masu arzikin birni suke ƙulla aure a wancan zamani, domin in san abin da zan ce mata cikin ladabi.
Daga wata uwa, Makka.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya yi wa 'yarmu albarka, ya zaɓa mata mafi alheri. Maganar surukarki tana da tushe, sai dai akwai dalilin da ya haifi wannan al'ada, kuma shi ya kamata ki fara riƙewa.

Da yawa daga manyan attajiran Kano na ƙarni na 19 fataken goro ne masu zuwa Gwanja, musamman kasuwar Salaga da ke ƙasar Gana ta yau, kuma an san su zuriya zuriya, kamar Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari. Ayari yakan tashi da jakuna ɗauke da kanwa da jemammun fatu da turkuɗin Kura, ya yi watanni a hanya, wani lokaci ba ya ganin gida sai shekara ta kusa zagayowa. Babu banki a lokacin, babu kuma alƙalin da zai bi mutum wata ƙasa ya ƙwato bashi, saboda haka wanda zai damƙa wa wani dukiyarsa ya tafi da ita bayan Kwara dole ya nemi mutumin da kunya za ta hana shi cin amana. Ɗan'uwa da suruki su ne suka fi cika wannan sharaɗi. Shi ya sa ake haɗa 'ya'yan wa da ƙani, ko taubasai, domin jari ya zauna a gida, gado kada ya watse, kuma yaron da aka ɗora a kan kaya ya san cewa idan ya yi ha'inci uban matarsa ya cuta. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 cikin zuriyar Agalawa, ya kuma rasu a 1955, a wannan tsari ya tashi, kuma lokacin da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 aka buɗe cinikin gyaɗa, irin wannan zumunci da amana na fataken goro ne ya ba su damar shiga ƙauyuka sayen gyaɗa kafin kowa.

Amma cewa ba sa ba bare 'ya ba daidai ba ne. Attajiri yakan ɗauki 'yarsa ya ba malami ko almajiri mai hali auren sadaka, ya yi mata kayan ɗaki da kansa, yana neman lada da albarkar ilimi a zuriyarsa. Yakan ba yaron gidansa da ya gwada riƙon amana, ko da kuwa ba su haɗa jini ba, yakan kuma haɗa surukuta da gidan sarauta. Abin da suke dubawa shi ne asali da hali da amana, dangantaka kuwa hanya ce mai sauƙi ta tabbatar da su a zamanin da kowa ya san kowa.

Matakan neman auren ba su bambanta da na talakawa ba sai a yawan kaya. Iyaye maza ne ke zuwa tambaya, a kai kayan na gani ina so, a yi gaisuwar iyaye, a yi baiko a raba goro, sannan a sa rana. Sadaki da kuɗin wuri ake biyansa kafin kuɗin Turawa, ana ƙirga shi keso keso, kowane keso wuri 20,000, ko da yake mafi ƙarancinsa a mazhabar Malikiyya rubu'in dinari ne. A lefe akan zuba saƙi da tsamiya da barage, da alharinin da Larabawan Gadamas ke kawowa ta Sahara, da murjani da mundayen azurfa. Daga nan sai kamu, da sa lalle, da ɗaurin aure, da kai amarya, da sayen baki, da buɗar kai.

Inda arzikin gida ke fitowa fili shi ne jere da gara, kuma nan ne mutanen yanzu suka fi yi wa magabata mummunar fahimta. Idan kika shiga ɗakin amaryar gidan attajiri za ki tarar an jera ƙorai masu zane da tasoshin tagulla na Bida ɗaya kan ɗaya, daga kan gado har kusa da rufi, an goge su suna ɗaukar ido. Kwanukan fenti da gadon ƙarfe sai a zamanin Turawa suka shigo. Waɗannan kaya mallakar amarya ne ita kaɗai, miji ba shi da iko a kansu. Idan fatauci ya karye ko aure ya mutu, su take sayarwa ta yi jari, idan kuwa an zauna lafiya ta jera wa tata 'yar. Uwa takan fara tara su tun yarinya tana goye. Gara kuma, wato alkaki da nakiya da man shanu da buhunan hatsi, ba mutum ɗaya ke ɗaukar nauyinta ba: gwaggo da inna da ƙawayen biki kowa na kawo gudummawa, ana riƙe da lissafi, ranar bikin wata a mayar mata da fiye da abin da ta kawo. Ke da kika saba ganin milka (ɗaurin aure) da gumra (daren lalle) da dabash (kayan da ake kai wa amarya gidan miji) a bukukuwan mutanen Hijaz za ki gane cewa dabash ɗan'uwan jere ne.

Ra'ayina shi ne kada ku ci bashi domin kwaikwayon bikin da a dā dangi guda ke haɗa ƙarfi su yi, alhali ku kuna zaman haya kuna fama da kuɗin iƙama, wato takardar izinin zama a Saudiyya. Abin da ya cancanci a raya shi ne a ba yarinya abin da zai zama nata na kanta, ko da 'yan giram na zinariya ne. Auren zumuncin nan kuma ya jawo wa mata da yawa hawaye, domin sau da yawa ba a tambayarsu, kuma idan ya lalace yakan raba wa da ƙani har kabari. Manzon Allah (SAW) ya yi umarni a nemi izinin budurwa, don haka ki zauna da 'yarki ki ji ta bakinta, musamman da yake za ta bar garin da ta tashi ta koma ƙasar da ba ta saba da ita ba. Idan ta amince, a yi gwajin jini saboda sikila kafin baiko, irin wanda Saudiyya ta wajabta wa masu shirin aure tun 2004, domin haɗarin ya fi yawa tsakanin dangi.

Game da Hajiya babba kuwa, kada ki tunkare ta da kanki, domin akwai kunya tsakaninku. Ki sa mijinki ko wani kawunsa da take jin nauyinsa ya kai mata maganar, ya fara da yabon gidan da ta fito, sannan ya roƙe ta ta ba da lokaci a binciki halin yaron da sana'arsa kamar yadda za a binciki na bare.