Wi-Fi Yana Ɓacewa A Kwamfutata: In Canza Kati Ko In Sake Zuba Windows?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Ina da kwamfutar tafi-da-gidanka mai Windows 11, kuma a 'yan watannin nan Wi-Fi ɗinta yana wahalar da ni. Ina tsaka da aiki sai intanet ya yanke, idan na duba sai in tarar alamar Wi-Fi ta ɓace ɗungurungum, ko jerin sunayen da ake zaɓa ba na gani. Abin ya fi faruwa idan na rufe murfin na bar ta, sannan na dawo na buɗe. Idan na kashe na kunna, wani lokaci yakan dawo, wani lokaci ya ƙi. Wayata kuwa tana kan rauta ɗaya da ita, wato na'urar da ke rarraba Wi-Fi, kuma ba ta yankewa. Wani mai gyara ya ce katin Wi-Fi ɗin ne ya mutu, wani kuma ya ce a sake zuba Windows. Wanne zan bi?

Malama Z.

AMSA

Wa alaikumus salam, Malama. Kada ki bi ko ɗaya tukuna, domin kowannensu ya yanke hukunci ne kafin a yi bincike, alhali wasiƙarki tana ɗauke da shaidun da za su rage mana aiki. Rauta dai ba ta da laifi. Idan ita ce ta samu matsala, sunanta kaɗai zai fita daga jeri, amma alamar Wi-Fi za ta ci gaba da zama a wurinta. Ɓacewar alamar tana nufin kwamfutar ta daina ganin katin da ke kama Wi-Fi a cikinta, kuma abin da ya rage mu gano shi ne ko katin ne ya gaza, ko kuwa manhajar da ke tafiyar da shi, wato direba.

Ki fara da tabbatar da cewa ba a taɓa maɓallin nan mai hoton jirgin sama ba, wanda ke kashe duk wata sadarwa da ba ta igiya ba. Bayan haka, a daidai lokacin da matsalar take faruwa, ki danna maɓallin Windows tare da harafin X, ki zaɓi Device Manager, ki buɗe sashen Network adapters. Ki nemi layin da ke ɗauke da kalmar Wireless ko Wi-Fi, galibi tare da sunan Intel, Realtek, Qualcomm ko MediaTek, ki rubuta cikakken sunan a takarda, don za ki buƙace shi nan gaba. Idan kin ga 'yar alama rawaya mai kusurwa uku a kansa, ki danna sau biyu ki karanta lambar da aka rubuta. Lamba 10 tana nufin katin ya kasa tashi, lamba 43 kuma tana nufin Windows ce ta dakatar da shi saboda ya kawo rahoton matsala. Idan babu shi sam, ki shiga View ki zaɓi Show hidden devices, mai yiwuwa ki gan shi a dusashe da lamba 45, wadda ke nuna cewa a wannan lokacin kwamfutar tana ɗaukarsa kamar an cire shi.

Abin da ya fi jan hankalina a wasiƙarki shi ne batun rufe murfi. Idan aka rufe murfi kwamfuta takan shiga barci, ta rage wa katin wuta don ta tanadi batir, kuma akwai katunan da idan an tashe su ba sa farkawa yadda ya kamata. A wurin da kika buɗe bayanan katin, ki nemi shafin Power Management, ki cire alamar da ke ba kwamfuta izinin kashe katin don tanadin wuta. Wasu sababbin kwamfutoci ba su da wannan shafi, saboda haka kada ki damu idan ba ki gan shi ba.

Shi kuma abin da kika ce na dawowa wani lokaci da ƙin dawowa wani lokaci, ina kyautata zaton ya danganta ne da yadda kike kashewa. Tun daga Windows 8, wadda ta fito a 2012, akwai tsarin da ake kira Fast Startup. Idan kika zaɓi Shut down, Windows ba ta rufe komai, sai ta adana yanayin da direbobi suke ciki a ma'ajiya, ta dawo da su idan an kunna, don tashin ya yi sauri. Ke nan direban da ya rikice zai iya dawowa da rikicinsa. Restart ne ke sa komai ya tashi daga farko. Ki gwada Restart duk lokacin da abin ya faru, idan kuma kika ga yana magani, ki kashe Fast Startup ɗin a Power Options da ke cikin Control Panel. Idan katin ya ɓace har Restart bai dawo da shi ba, ki kashe kwamfutar, ki zare caja, ki danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 30, sannan ki kunna.

Sai direba. Idan matsalar ta fara ne bayan Windows ta sabunta kanta, ki shiga shafin Driver ki danna Roll Back Driver don komawa na baya. Idan maɓallin ba ya dannuwa, ki sauko da direba daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, ki neme shi da lambar samfurin da ke rubuce a ƙarƙashinta. Rashin Wi-Fi ba zai hana ba, domin kina iya haɗa wayarki da kwamfutar ta igiyar USB, ki ba ta intanet daga wayar. Ina ba ki shawara ki guji manhajojin nan da ke alƙawarin sabunta dukkan direbobi da dannawa ɗaya, don sau da yawa sukan ɗora wanda bai dace ba. Akwai kuma Network reset a saitunan Windows, amma ki sani zai goge duk kalmomin sirrin Wi-Fi da kika adana.

Maimakon sake zuba Windows, akwai gwajin da ya fi sauƙi kuma ba ya taɓa fayilolinki. Ki sa a ɗora miki Ubuntu, wata babbar manhaja mai tafiyar da kwamfuta kamar Windows, a kan filas, ki tayar da kwamfutar daga filas ɗin, ki zaɓi gwadawa, ba zubawa ba. Idan Wi-Fi ya yi aiki na tsawon lokaci, har kika rufe murfi kika buɗe bai ɓace ba, to katin lafiyarsa ƙalau, matsalar tana cikin Windows. Idan ya fara aiki sannan ya ɓace kamar yadda ya saba, zargi ya koma kan katin. Sai dai idan Ubuntu bai gan shi ba tun farko, wannan kaɗai bai isa hujja ba, tunda akwai katunan da sai an ƙara musu direba kafin su yi aiki a can, musamman wasu na Broadcom.

Ko da zargi ya faɗa kan katin, ba lallai ne ya mutu ba. A yawancin kwamfutoci ɗan ƙaramin abu ne mai faɗin milimita 22 da tsawon milimita 30, an cusa shi a raminsa an ɗaure da noti ɗaya, kuma zafi da jijjiga kan sa ya saki. Mai gyara zai cire igiyar batir, ya zare katin, ya goge bakinsa, ya mayar da shi ya zauna daram. Ya kuma duba siraran wayoyi biyu, galibi baƙa da fara, waɗanda ke manne a kansa, su ne na eriya, kuma sun bi ta mahaɗar murfi suka hau har saman fuskar kwamfutar. Yawan buɗewa da rufewa kan cinye su, amma alamar hakan daban take da taki: Wi-Fi ba ya ɓacewa, ƙarfinsa ne ke raguwa, sai an matso kusa da rauta. Idan kwamfutar tana cikin wa'adin garanti, ki mayar wa kamfanin kafin kowa ya kwance ta.

Idan ta kai ga sayen sabo, a nan sunan da kika rubuta zai yi amfani, domin kamanni yana ruɗi. Intel AX200 da AX201 kusan kamarsu ɗaya, amma AX201 ba ya aiki sai da wasu kwamfutoci masu ƙwaƙwalwar Intel da aka tsara dominsa. Wasu tsofaffin samfuran HP da Lenovo kuma ba sa karɓar kowane kati sai wanda kamfanin ya amince da shi, saboda haka mafi aminci shi ne a sayi irin wanda aka cire. A siraran kwamfutoci da yawa kuwa an liƙa katin ne da dalma a jikin babban allon ciki, kuma cire shi aiki ne mai haɗari da ban ga ya cancanta ba. A irin wannan hali, ki sayi ɗan ƙaramin katin Wi-Fi da ake cusawa a ramin USB, ki zaɓi wanda ke kama zango biyu, 2.4 da 5 GHz, sannan ki koma Device Manager ki dakatar da na cikin ta hanyar Disable device, don kada su riƙa cin karo da juna.