Shin In Zuba Jarina a Sana'ar Ɗura wa Mota Kumfa?

Wani ɗan kasuwa mai shagon ɗinkin kujerun mota da kayan ƙawata ta a wajajen Ƙofar Ƙaura, cikin birnin Katsina, ya aiko da tambaya. Ya ce ya tara naira dubu 900, kuma ya ga bidiyoyi a waya inda ake fesa kumfar gwangwani mai kumbura a cikin ginshiƙan mota da kogon da ke ƙarƙashin ƙofofi, ana cewa tana ƙara wa shasi ƙarfi, tana kuma kashe ƙara. Yana son ya sari kwalaye da yawa daga Kano ya buɗe wannan aiki kafin wani ya riga shi.

Alhaji, Allah ya sa albarka a nema. Ka yi daidai da ka tsaya tambaya kafin ka taɓa uwar kuɗi. Shawarata ita ce kada ka sari kwalayen nan, kuma kada ka yi wa kowa alkawarin cewa kumfar gwangwani za ta ƙarfafa masa mota. Zan yi maka bayanin dalili, domin akwai ƙamshin gaskiya a abin da ka gani, kuma wannan ƙamshin ne ke jefa mutane cikin asara.

Kumfar da ake magana a kai sinadarin foliyuretan ce, wanda Otto Bayer ya samar a Jamus a 1937, kuma iri-iri ce. Wadda ke cikin gwangwani an yi ta ne domin magina su toshe giɓin da ke tsakanin taga da bango, ko ramin da aka huda wa bututun na'urar sanyaya ɗaki. Gwangwani mai mililita 750 yana kumbura ya kai lita 40 ko kusa da haka, ka ga kenan mafi yawan abin da ka fesa iska ce. Idan ta bushe ka danna ta da babban yatsa za ta lotsa, kuma abin da yatsa ke lotsawa ba zai hana ƙarfen da ke ɗauke da fiye da tan ɗaya murɗewa ba. Bayan haka, da laimar iska take bushewa, saboda haka idan aka ɗura ta cikin rufaffen kogo, musamman a hunturun Katsina da iska ke bushe ƙamas, bakinta zai ƙame amma cikinta ya daɗe yana danƙo.

Gaskiya ne kamfanonin ƙera motoci suna sa kumfa a jikin mota, kuma akwai kamfanoni irin su Sika da Henkel da ke yi musu ita. Sai dai tasu ta ninka ta gwangwani nauyi da tauri sau da yawa, kuma wata a tanderun gasa fenti take kumbura, a zafin da ya haura digiri 150, bayan an riga an tsoma ƙarfen cikin maganin tsatsa. Injiniyoyi ne ke auna ainihin gaɓar da za a sa ta da yawan da za a sa, sannan a gwada motar da karo. Akwai sassan gaban mota da aka ƙera da gangan domin su lanƙwashe idan an yi hatsari, su shanye ƙarfin bugun kafin ya isa ga mutane, don haka ba kowane wuri ake son ya yi tauri ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ruwa. Ka duƙa ka leƙa ƙarƙashin ƙofar kowace mota da dogon ƙarfen nan da ake takawa a shiga, za ka ga ƙananan huji a jere. Ba ado ba ne, mafitar ruwan sama ce da na wankin mota, domin ruwa yana shiga ta gefen gilashi ko ana so ko ba a so. Kumfa tana toshe waɗannan huji, ta riƙe laima a manne da ƙarfe, tsatsa ta riƙa ci daga ciki inda ido ba ya gani. Ka kuma tuna da irin motocin da ke hannun mutanenmu: yawancinsu 'yan Kwatano ne da suka yi shekaru a Turai ko Amurka, inda ake barbaɗa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, wato da yawa sun iso da tsatsarsu a ɓoye. Mai motar zai tafi yana yaba maka a watan Janairu, sai bayan damina ɗaya ko biyu fenti ya fara kumbura, ƙarfe ya fara ɓurmewa. A ranar da mai gyaran bodi ya yanka wurin ya tarar da jiƙaƙƙiyar kumfa, sunan shagonka za a ambata, kuma ka san yadda magana ke yawo a tashar mota da gareji.

Sai kuma wuta. Masu gyaran bodi a nan da wutar gas da walda suke aiki, kuma wanda aka kawo wa motar bayan shekara biyu bai san an cika ta da kumfa ba. Kumfar tana kamawa, tana ci a cikin kogon da ba a iya kai wa gare shi, hayaƙinta kuma guba ne mai iya kayar da mutum. A cikin ginshiƙan nan ne wayoyin lantarki suke bi, nan abin da ke naɗe bel yake, a motoci da yawa kuma jakar iska ta gefe da bututun da ke zubar da ruwan rufin gilashi duk ta nan suke. Idan kumfa ta riƙe bel ko ta tare jakar iska, maganar ta wuce ta kuɗi.

Ko da a ce babu wannan duka, lissafin kasuwancin bai yi mini ba. Gwangwanin yana da wa'adi, galibi shekara ɗaya ko da ɗan kai, kuma a jikinsa an gargaɗi kada zafi ya kai masa digiri 50, alhali a watan Afrilu da Mayu inuwa ma takan haura digiri 40 a Katsina, balle shago mai rufin kwano. Aikin ba shi da wani sirri da zai tsare maka kasuwa, duk wanda ya tsaya ya kalle ka sau ɗaya zai sayi gwangwaninsa ya yi da kansa. Ribar mota ɗaya ƙarama ce, amma gyaran mota ɗaya da ta ruɓe zai cinye ribar motoci masu yawa. Ina kuma tsoron irin masu cinikin da za su fi neman ka, wato masu son a cike ramin tsatsa da kumfa, a shafe, a fesa fenti, a sayar wa wanda bai sani ba. Wannan algus ne, kuma hadisi ya tabbata cewa wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu.

Rabin tunaninka na biyu, wato rage ƙara, shi ne inda nake ganin abinci, kuma ya dace da sana'ar da ke hannunka, tunda kullum kana cire kujeru da kafet da murfin ƙofa. Ƙarar da ke damun masu mota takan fito daga robar ƙofa da rana ta busar, ko bushin da shokazoba da suka mutu, ko salansa da ta huje, ko tayar da ta cinye a karkace. Waɗannan na makanike ne, kuma zai yi kyau ka ƙulla yarjejeniya da amintaccen makanike guda, ya duba mota kafin ka taɓa ta, don kada ka karɓi kuɗin mutum ƙarar tana nan. Abin da ya rage shi ne rawar da faifan ƙarfe ke yi, kuma maganinsa shimfiɗar roba ce mai suna butil, mai bangon alminiyam, da ake mannawa a cikin ƙofa da daɓen mota da but. Ba sai an lulluɓe ko'ina ba, kashi ɗaya bisa uku na tsakiyar faifan yakan isa ya kashe rawar, sannan a shimfiɗa soson da ba ya shan ruwa a ƙarƙashin kafet. Ka kiyayi mai arha da aka yi da kwalta, domin a zafinmu narkewa take yi tana wari.

Kada ka fitar da fiye da naira dubu 150 a karon farko. Ka nemi kayan a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ko ka yi oda daga Legas, ka fara da motarka. Ka sauke manhajar auna ƙara a waya, ka bi hanyar Katsina zuwa Daura a gudun kilomita 80, ka rubuta abin da ta nuna, ka yi aikin, ka sake bin wuri ɗaya da gudu ɗaya. Wannan shi ne abin da za ka nuna wa mai ciniki, kuma shi zai gaya maka ko aikin ya cancanci kuɗinsa. Masu sayenka su ne masu motocin gida da ke yawan tafiya Kano da Abuja, da samari masu sa manyan lasifika. Direban Golf ko Sharon na haya hankalinsa yana kan mai da taya. Ka yanka farashi kashi-kashi, na ƙofofi daban, na daɓe daban, na but daban, ka riƙa karɓar kuɗin kaya kafin ka fara.

Wanda ya zo maka da mota mai raunin shasi, ka tura shi wurin mai walda ya yanke ruɓaɓɓen ƙarfe ya sa sabo. Idan kuma har ranka na kan kumfar gwangwani, ka sari kwali ɗaya ko biyu, ka ajiye a wuri mai sanyi, ka sayar wa masu kafa tagogin alminiyam da masu haɗa na'urar sanyaya ɗaki, ka duba ranar ƙarewar wa'adi a gindin kowane gwangwani kafin ka biya.