Filin Tambaya da Amsa: Ƙugin Jitar Lantarki da Neman Sababbin Sautuka

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, ni makaɗi ne a Damagaram, ina da jitar lantarki ƙirar Stratocaster mai maɗaukan sauti uku, waɗanda muke kira fikof. Abubuwa biyu ne suke damuna. Na farko, a wurin biki jitar tana ƙugi ba ƙaƙƙautawa, musamman idan janareto ne yake ba da wuta. Na biyu, sautin maɗaukin da ke kusa da jaki, wato ƙarfen da tsirkiyoyi suke hawa a jikin jitar, yana da tsini har yana sukar kunne, kuma ko na murɗa maɓallan launin sauti ba ya sauyawa. Wani abokin sana'a ya ce in cire shi in sa hambaka, wato maɗauki mai naɗin waya biyu, in ƙara makunnin da zai ba ni sautuka bakwai. Shin wannan ce mafita?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Shawarar abokin naka tana da tushe, amma ni a ganina ya fara maka da abin da ya kamata ya zo ƙarshe, domin mafi yawan abin da kake kuka da shi yana gyaruwa da guntun waya da ɗigon dalma, tun kafin a kai ga sayen sabon maɗauki.

Matsalar tsinin sauti ita ce mafi sauƙi. A tsarin asali na Stratocaster, wadda kamfanin Fender ya fitar a 1954, maɓallin launin sauti na farko yana aiki ne a kan maɗaukin wuya, na biyu a kan na tsakiya, shi kuwa na jaki ba a haɗa shi da ko ɗaya ba. Ke nan jitarka lafiyarta ƙalau, haka aka ƙera ta. Idan ka kwance farantin robar da ke fuskarta, za ka ga makunnin zaɓen maɗaukai mai matsayi biyar yana da ƙafafu a ɓangare biyu, kuma a ɓangaren da wayoyin maɓallan launi suke akwai ƙafa guda da aka bari ba komai. Wannan ita ce ta maɗaukin jaki. Da zarar an liƙa gajeriyar waya daga ƙafar na tsakiya zuwa gare ta, maɓalli na biyu zai riƙa sarrafa maɗaukan biyu. Ni na fi son a ɗauke wayar gaba ɗaya a mayar da ita kan ƙafar jaki, a bar na tsakiya a sake, saboda shi dama sautinsa ba ya neman laushi. Daga nan idan ka sauke maɓallin zuwa 6 ko 7, tsinin zai kwanta ba tare da sautin ya dushe ba.

Shi kuwa ƙugi sai an yi masa dogon bayani, domin a nan ne makaɗa suke yawan ɓarnar kuɗi. Maɗauki mai naɗi ɗaya ba kome ba ne face siririyar wayar jan ƙarfe da aka naɗa sau dubbai a kewayen maganaɗisu, kuma kamar yadda yake jin motsin tsirkiya, haka yake jin bugun wutar lantarkin da ke kewaye da shi, wadda a Nijar da Najeriya take kai da komowa sau 50 a kowace daƙiƙa. Wannan shi ne ƙugi mai kauri, kuma alamarsa ita ce yana ƙaruwa ko raguwa idan ka juya jikinka ko ka matsa nesa da amfilifaya. Akwai kuma wata ƙarar daban, siririya mai kama da kukan ƙuda, wadda fitilu da wayoyi marasa kyakkyawan haɗi da ƙasa suke jawowa. Ita wannan ta biyun tana raguwa sosai idan aka shimfiɗa takardar jan ƙarfe a cikin ramin jitar da bayan farantin, aka haɗa ta da wayar ƙasa. Amma kada kowa ya ce maka shimfiɗar za ta kashe ƙugi mai kauri, domin ba ta tare maganaɗisu.

Abin da yake kashe shi naɗi biyu ne masu saɓanin juna. Seth Lover na kamfanin Gibson ya nemi rajistar hambakarsa a 1955, ta kuma hau jitar Les Paul a 1957: naɗi biyu ne a gefen juna, an juya alkiblar wuta da ta maganaɗisu a ɗayansu, ta yadda ƙugin da suka ɗauko zai soke juna, sautin tsirkiya kuwa ya haɗu ya ƙarfafa. Mai yiwuwa ma wannan dabara tana cikin jitarka ba ka lura ba. Ka sa makunni a matsayi na 2 ko na 4, inda na tsakiya yake haɗuwa da na jaki ko na wuya, ka saurara. Idan ƙugin ya faɗi, to maɗaukinka na tsakiya juyayye ne, kuma waɗannan matsayai biyu su ne mafakarka a duk wurin da wuta ba ta da tsabta. Idan bai faɗi ba, sauya na tsakiyan da juyayye ya fi sauƙi a kan sauya na jaki. Su waɗannan matsayai biyu ma makaɗa ne suka gano su, ta hanyar maƙale tsohon makunni mai matsayi uku a tsakani, kafin Fender ya mayar da mai biyar abin yau da kullum a 1977.

Akwai gargaɗin da ba zan tsallake ba tunda ka ambaci janareto. Idan ƙara tana raguwa lokacin da ka taɓa tsirkiya, wannan daidai ne, alama ce wayar ƙasa tana haɗe da jaki. Amma idan ka taɓa tsirkiya ko makirfo ka ji wuta ta ja ka, ko da kaɗan ne, ka ajiye jitar nan take, domin laifin yana ga amfilifaya ko haɗin wutar wurin, kuma yana iya kisa.

Batun sautuka bakwai gaskiya ne, kuma ina goyon bayansa. Ƙaramin makunni guda ake sawa tsakanin wayar maɗaukin wuya da mashigar maɓallin ƙara, ta yadda za a iya kunna na wuya a kowane matsayi. Sababbin haɗuwa biyu ake samu: wuya da jaki tare, wanda yake ba da sauti mai faɗi irin na jitar Telecaster, sai kuma dukan ukun a lokaci guda. Akwai irin wannan makunni a baƙar Stratocaster ɗin da David Gilmour, makaɗin ƙungiyar Pink Floyd, ya sayar a 2019. Idan ba ka son huda farantin, ana sayar da maɓallin da ake ja sama a danna ƙasa, wanda yake ɗauke da makunni a gindinsa.

Idan bayan duk wannan har yanzu kana son hambaka a jaki, ka fara duba ko ramin da ke ƙarƙashin farantin zai ɗauke ta. Idan ba zai ɗauka ba, akwai hambaka mai girman maɗauki mai naɗi ɗaya. Ka tabbata mai wayoyi huɗu ce, domin da ita ake iya raba naɗin, wato a kashe ɗaya a bar ɗaya yana aiki. Sai dai ka sani cewa rabawar ba ta mayar da ita maɗaukin Stratocaster: hambaka irin ta da juriyarta ga wuta tana kai kusan om 8,000, rabinta 4,000 ke nan, alhali maɗaukin Stratocaster yana kusan 6,000, shi ya sa sautin yake fitowa a raunane, ƙugin kuma ya dawo. A wurin mai kiɗa da janareto na fi ganin hikimar haɗa naɗin biyu gefe da gefe maimakon a jere, domin sautin yana yin haske, ƙugin kuma ba ya dawowa. Haka nan hambaka ta fi sakewa da maɓallin ƙara na 500k, masu naɗi ɗaya kuwa da na 250k. Masu gyara sukan sa na 500k, sannan su ƙara rizista ta 470k daga kowane mai naɗi ɗaya zuwa ƙasa, domin ya yi aiki kamar yana kan na 250k. Launin wayoyi ma ya bambanta: a wurin kamfanin Seymour Duncan baƙar waya ce take ɗauke da sauti, a haɗe ja da fara, a wurin kamfanin DiMarzio kuwa jar ce, a haɗe baƙa da fara. Idan ka gama ka ji matsayi na 2 ya zama siriri kamar mai magana ta hanci, maɗaukan biyu sun saɓa wa juna, sai a musanya wayar sauti da koriyar wayar hambakar, a bar tsirarar wayar a ƙasa yadda take.

TAMBAYA: Malam, ina kiɗa a Jos. Me ya sa idan na rage ƙarar jitata daga maɓallinta sautin yake dushewa kamar an lulluɓe lasifika da bargo?

AMSA: Juriyar maɓallin ce take haɗuwa da doguwar wayar da ke zuwa amfilifaya, su tsotse siraran sautuka, kuma gwargwadon tsawon wayar gwargwadon asarar. Ka fara gwada gajeriyar waya mai kyau. Idan hakan bai wadatar ba, a liƙa kafasita ta 0.001 mikrofarad tare da rizista ta 150k, gefe da gefe, tsakanin ƙafar shiga da ƙafar tsakiya ta maɓallin ƙara. Idan ka ji sautin ya yi tsini fiye da kima yayin da ka sauke ƙarar, sai a sauya kafasitar da wadda ta fi ta ƙanƙanta, kamar mai fikofarad 680.