An ba tsohon mijina riƙon yarana ba a ji ta bakina ba

Tambaya: Barista, mun rabu da mijina bara, ya bar mini yara biyu, namiji ɗan shekara 7 da mace 'yar shekara 4. Da Sallah ya ɗauke su wai za su gaida kakarsu, shiru har yau. Da na je bin ba'asi sai ya zaro takardar kotu, wai alƙali ya ba shi riƙonsu. Ni ko sammaci ban gani ba, kuma ban sake aure ba. Ina mafita?
Wata uwa daga Zariya

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Idan maganar kamar yadda kika faɗa take, hukuncin nan ba shi da ƙafar tsayuwa.

Sashe na 36 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba kowa haƙƙin a saurare shi kafin a yanke masa hukunci. Shari'ar Musulunci ma ta riga shi. Akwai abin da malamanmu na Malikiyya ke kira i'izari, wato kafin alƙali ya yanke hukunci dole ya waiwayi wanda hukuncin zai hau kansa ya tambaye shi, "Kana da sauran magana ko wata hujja?" Kotunan ɗaukaka ƙara sun sha rushe hukunci saboda an tsallake wannan tambaya kaɗai, balle ke da ba a ma kira ki ba.

Ita kuwa hadana, wato haƙƙin riƙon yara, a mazhabar Malik uwa ce kan gaba: namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Ko da kin auri wani, ba uban ne ke biye ba, mahaifiyarki ce. Maza da yawa a nan suke ruɗewa, suna haɗa waliccin uba da riƙo. Shi ne waliyyi, ci da sha da sutura da kuɗin makaranta duk a wuyansa suke, amma hakan bai ba shi ikon raba ki da su ba sai ya kawo shaidu cewa zamansu a hannunki zai cutar da su.

Gobe da safe ki je wurin magatakardan kotun ki nemi kwafin shari'ar da na hukuncin. Ki duba abin da ɗan aiken kotu ya rubuta: wa ya ce ya miƙa wa sammacin, a ina, wace rana? Na taɓa ganin inda aka damƙa wa wani yaron unguwa takardar a ƙofar gida, aka rubuta an isar. Daga nan ki roƙi kotun ta jingine hukuncin a sake zama, ko ki ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotun Shari'a, in bai yi ba har Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha. Wa'adin yawanci kwana 30 ne. In ya wuce, sai kin nemi ƙarin lokaci, kuma rashin samun sammaci dalili ne mai ƙarfi.

Abu ɗaya nake gargaɗinki: kada ki je makaranta ki ɗauko su da ƙarfi, ko ki tura 'yan'uwanki. Hukunci, ko gurgu ne, yana aiki har a rushe shi. In kuɗin lauya ne matsala, ofishin Legal Aid, wato hukumar ba da tallafin shari'a, ko ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA na taimakawa kyauta. Ki tafi da takardar sakin, da katin asibitin yaran, da maƙwabta biyu da suka san a hannunki suke tun rabuwarku.