Ƙofa, Ƙyaure da Mashiga: Amsar Tambayoyin Masu Karatu

Tambaya ta farko ta zo daga wani malamin firamare a Gusau, yana cewa: "Ɗalibaina sun tambaye ni bambancin ƙofa da ƙyaure, na ce musu duk abu ɗaya ne, amma zuciyata ba ta kwanta da amsar ba. Shin akwai bambanci?"

Malam, akwai bambanci, kuma ba ƙarami ba ne. Ƙofa ita ce sararin da magini ya bari a jikin bango domin a shiga a fita, shi kuwa ƙyaure shi ne abin da ake rufe wannan sarari da shi, ko na katako ne, ko na langa-langa, ko na ƙarfe. Magini ke fitar da ƙofa, kafinta ko maƙeri ke yin ƙyaure. Saboda haka ana iya samun ƙofa ba ƙyaure, kamar yadda ake gani a zauren gidajen ƙauye da yawa, ko a ɗakin da aka saya wa asabari ko labule kawai. Haka kuma ana iya samun ƙyaure ba ƙofa, wato wanda aka jingine a rumfar kafinta ana jiran mai saye. Jinsinsu ma ya bambanta, domin ƙofa tamace ce, mukan ce ƙofar gida, ƙyaure kuma namiji ne, mukan ce ƙyauren ɗaki. Jam'in ƙofa shi ne ƙofofi, na ƙyaure kuwa ƙyamare, kuma a ƙasashen Sakkwato da Zamfara, inda kake koyarwa, za ka fi jin gambu a bakin dattawa.

Ƙofofin birane su ne hujja mafi ƙarfi a wannan batu. Ganuwar Kano, wadda tarihi ya ce an fara gina ta a zamanin Sarki Gijimasu (1095–1134) aka kuma faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499), tana da ƙofofi irin su Ƙofar Mata da Ƙofar Na'isa da Ƙofar Kabuga da Ƙofar Mazugal. A da kowacce tana da ƙyaure mai nauyi da ake rufewa da dare, akwai kuma sarkin ƙofa mai kula da ita. Yau motoci ke wucewa ta cikinsu dare da rana, babu abin da ake turawa ko ake ja, amma ba wanda ya daina kiran su ƙofofi, domin abin da sunan yake nufi, wato hanyar wucewa, yana nan. Wanda yake son ganin tsofaffin ƙyamaren sai ya je gidan tarihi na Gidan Makama. Haka abin yake a Ƙofar Doka ta Zariya da Ƙofar Marusa ta Katsina da Ƙofar Taramniya ta Sakkwato, har sunayen suka zama na unguwannin da ke kewaye da su.

Gaskiya ne a maganar yau da kullum, musamman a birane, ƙofa ta cinye ƙyaure, har ana cewa "ƙofa ta ɓalle" ko "na sayo ƙofa", kuma duk mai ji zai fahimta. Ba zan ce wannan kuskure ba ne, tunda harshe na masu magana da shi ne. Abin da ke damuna shi ne yaron da zai gama firamare bai taɓa jin kalmar ƙyaure ba, alhali tana tafe da 'yan rakiyarta, irin su sakata da kwaɗo da madogari, waɗanda duk a jikin ƙyaure suke aiki. Ka koya musu kalmomin biyu, ka kai su bakin aji ka nuna musu da hannu.

Tambaya ta biyu daga wata ma'aikaciyar jinya ce a Maraɗi: "Za mu rubuta alluna da Hausa a wurin aikinmu. Me ya fi dacewa, 'Shiga' ko 'Mashiga'?"

Malama, ya danganta da abin da kuke so allon ya faɗa. Shiga aiki ne, mashiga wuri ne. Hausa tana da hanyar da take ƙera sunan wuri daga aikatau ta ɗora "ma" a farko, kamar yadda aka sami mahauta da majema da maƙera da makaranta, to ta nan mashiga da mafita suka fito. Idan allon zai nuna wa mutane inda za su bi ne, "Mashiga" da "Mafita" sun fi daidai. Idan kuwa umarni ne ko hani, to aikin ake nufi, sai a rubuta "Ba shiga" ko "An hana shiga". Wannan ne ya sa muke cewa jarrabawar shiga jami'a da takardar izinin shiga ƙasa, ba ma sa mashiga a waɗannan wurare. Kuɗin shiga ma haka ne, ko da yake yana da ma'ana biyu: abin da ake biya kafin a shiga wuri, da abin da ke shigo wa mutum ko hukuma.

Mashiga ta fi ƙofa faɗi, domin ba ta buƙatar bango. Duk ƙofa mashiga ce, amma mashigar gari tana iya zama titi kawai, kuma masu labarai kan ce mashigar Rafah idan suna maganar iyakar Gaza da Masar. Akwai kuma mashigi, wanda ya fi karkata ga ruwa, wato wurin da mutane da dabbobi ke gangarawa su tsallake kogi, daga nan aka ari kalmar ake cewa mashigin teku.

Tambaya ta ƙarshe ta wani ɗalibi ce daga Kumasi, wanda ya nemi bayanin karin maganar nan: "Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga."

Ɗan'uwa, wannan karin magana tana magana ne a kan wata irin hanyar shiga da ba a yi ta da niyya ba, wadda Hausawa ke kira kafa. A kula, kafa ce da "k" maras lanƙwasa, ba ƙafar tafiya ba. Kafa ƙaramar huda ce ko tsaga, kamar kafar allura, kuma daga gare ta aka sami kafofin yaɗa labarai. Ƙofa mai gida ne ya yi ta, ya san da ita, yana iya rufe ta lokacin da ya ga dama, amma kafa takan samu ne ta sakaci ko lalacewa, sau da yawa ba a lura da ita sai ɓarna ta auku. Ma'anar maganar ita ce maƙiyi ko munafuki ba ya samun damar shiga tsakanin mutane sai su da kansu sun fara saɓani. Ana faɗa wa ma'aurata da 'yan'uwan da ke rigimar gado da 'yan ƙungiya ɗaya, kuma laifin da take nunawa na masu bangon ne tun kafin a zo kan ƙadangaren. Shi ya sa Bahaushe zai ce wa baƙo ƙofarsa a buɗe take, yana nufin maraba, amma idan ya ce wane ya sami kafa, ko ya ce a toshe duk wata kafa, to maganar tsaro da hattara yake yi.